Don Me Aka Halicce Ta Haka?

A unguwar Bantama, cikin birnin Kumasi, akwai asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda har gobe direbobin tasi da tsofaffin zango suke kira "Gee", da sunan kamfanin da ya gina shi a tsakiyar shekarun 1950. Tun shekarar 2004 asibitin ke da sashen gashin cutar kansa, na biyu a Ghana bayan na Korle Bu da ke Accra, kuma marasa lafiya daga Tamale da Wa da Bolgatanga sun daɗe suna yin tattaki zuwa can. Ɗakin gashin bangonsa siminti ne mai kauri ƙwarai. Akan yi wa mara lafiya alama da tawada a fata daidai inda ƙarin yake, a kwantar da shi, a daidaita kan na'urar, sannan ma'aikata duk su fice, su ja ƙofa mai nauyi, su koma kallonsa ta allo. Mintoci kaɗan an gama. Bai ga komai ba, bai ji zafin komai ba, amma tiririn da ya ratsa shi ya karya zaren DNA na ƙwayoyin kansar.

Ma'aunin wannan tiriri sunansa Gray. Likita yakan ba da kamar Gray 2 a rana, Litinin zuwa Juma'a, har a haɗa 60 ko 70 cikin makonni shida ko bakwai, kuma a wuri ɗaya tak. Ana wannan taka-tsantsan ne domin Gray 5 kacal, idan ya game jikin mutum a lokaci guda, yawanci ajali ne.

To, akwai wata ƙwayar bakteriya da ake zuba wa Gray 5,000, ko a jikinta.

A 1956 aka gano ta, a tashar binciken noma da ke Corvallis a jihar Oregon ta Amurka. Wani masani mai suna Arthur Anderson yana gwada ko tiririn gama zai iya tsare naman gwangwani daga lalacewa. Ya gasa gwangwanayen da adadin da a lokacin aka yi imani babu mai rai da zai tsira daga gare shi, amma sai nama ya ɓaci. Da aka duba, sai ga wata halitta mai launin ja-ja-ja, ƙwayoyinta manne da juna hurhuɗu, tana ta hayayyafa abinta. Ita ce yau ake kira Deinococcus radiodurans. Ko an kai ta Gray 15,000, kusan kashi ɗaya cikin uku nata kan tsira. Sa'ar da aka yi, ba ta jawo wa ɗan Adam wata cuta.

Ba wai tiririn ba ya taɓa ta ba ne. Yana ragargaza zaren gadonta gutsi-gutsi, ɗaruruwa, kamar yadda zai yi wa na kowace halitta. Bambancin shi ne ita tana ajiye kofe huɗu zuwa goma na wannan zare, don haka inda wani kofen ya karye, wani yana nan lafiya, kuma cikin yini guda ta gama harhaɗa komai ta ci gaba da rayuwa. Miroslav Radman da abokan aikinsa a Faris sun bayyana yadda ɗinkin ke gudana a 2006. Shi kuma Michael Daly a Amurka ya nuna cewa asirin ya fi ƙarfi a wani wajen: ƙwayar tana tara sinadarin manganis, wanda ke kare furotin ɗinta daga gubar da tiriri ke haifarwa a ruwan jikinta. Sauran halittu suna mutuwa ne domin masu gyaran kansu sun lalace tare da abin da za su gyara. Ita nata masu gyaran suna nan daram.

Wanda ya saba zaman wa'azi zai ji bakinsa na ƙaiƙayi a nan, ya ce ga misalin tashin matattu. A yi hattara. Ƙwayar ba mutuwa ta yi ba, rauni ta ji ta warke, kuma idan aka ƙara mata tiriri ya wuce kima, tana mutuwa mutuwar da ba ta dawowa. Imani da ranar tashi bai rataya a kan gwangwanin nama ba.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Tambayar da ta fi nauyi ita ce: me za ta yi da wannan ƙarfi? A doron ƙasa babu inda ake samun tiriri irin wannan. Abin da mutum ke sha daga ƙasa da duwatsu da sararin sama a shekara bai wuce kashi biyu da ɗan wani abu cikin dubu na Gray ɗaya ba. Kafin ya tara 5,000, sai ya shekara wajen miliyan 2. Ko a Ramsar ta ƙasar Iran, garin da ya yi suna da yawan tiriri na asali, sai an shekara kusan dubu 20. Akwai dai Oklo a Gabon, inda a 1972 aka gano cewa ma'adinin yuraniyom ya taɓa kunna kansa da kansa shekaru kusan biliyan 2 da suka wuce, amma wannan ɗan gurbi ne a ƙarƙashin ƙasa, ita kuwa ƙwayar da danginta ana tsintarsu a turɓaya, da kashin dabbobi, da busassun kwaruruwan Antatika. Tiriri mai ƙarfin gaske ɗan Adam ne ya kawo shi, kuma jiya-jiya: sai a 1895 Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Ga halitta ta shirya tsaf domin bala'in da bai taɓa samun ta ba.

Ɗalibi a kowace makarantar zaure, a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, yana iya ɗaga kai ya ce: "Allah gafarta Malam, an karantar da mu cewa ba a halicci komai a banza ba. Wannan fa, mece ce hikimarta?" Tambaya ce ta halal, kuma ta girmi madubin likita da ɗaruruwan shekaru. Ƙarshen Suratu Ali Imrana ya yabi masu tunani a kan halitta da suke kore wasa da banza daga aikin Ubangiji. Farkon Baƙara ya nuna cewa abin da ke ƙasa gaba ɗaya an yi shi ne domin mutane. A kan irin wannan Ibn Rushd, malamin Kurɗuba da ya rasu a 1198, ya gina hujjarsa ta kulawa: dubi yadda dare da rana da ruwa da gaɓoɓin jiki suka dace da rayuwar ɗan Adam, dacewa kuwa ba ta zuwa sai da mai nufi. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya cika shafuka yana bin halittu ɗaya bayan ɗaya yana zaƙulo hikimar kowacce.

Sai dai akwai wani ɗan littafi da ya fi waɗannan yawo a zaurukan Afirka ta Yamma, wato Ummul Barahin na Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Duk wanda ya yi karatun tauhidi a gaban malamin gargajiya, daga Kano har Salaga, ya san shi. Cikin abin da yake koyarwa har da cewa ayyukan Allah ba su da garali, wato babu wata buƙata ko manufa da ke tura Shi Ya aikata abu, domin mai buƙata bai cika wadatacce ba. Malaman wannan tafarki ba su musanta hikima ba. Abin da suka ƙi shi ne bawa ya tsaya ya ce: an yi kaza domin kaza, na gano dalilin. Mu'utazilawa kuwa sun tafi can ɗaya gefen, suka ce wajibi ne kowane aiki na Ubangiji ya zama don maslahar bayi. An shekara ɗaruruwa ana wannan muhawara da misalan maciji da kunama da sauro. Ƙwayar Oregon misali ce da ta fi su duka kaifi, domin ita an gwada amsoshin da aka bayar a kanta, an ga wadda ta tsaya da wadda ta faɗi.

Amsa ta farko mai daɗin ji ita ce ba 'yar duniyar nan ba ce. A farkon shekarun 2000 wasu masana a Rasha sun kawo shawarar cewa a duniyar Mars ta samo asali, inda tiriri ya fi yawa, sannan ta faɗo nan a jikin dutse. Jaridu sun so labarin. Amma tun 1999 aka karance zaren gadonta kaf, kuma ya nuna ita 'yar gida ce, tana da dangi na jini a cikin sauran bakteriyar ƙasa.

Amsa ta biyu ba ta da armashi, amma ita ta fi ƙarfi. A 1996 Valerie Mattimore da John Battista na Jami'ar Jihar Louisiana suka ɗauki nau'i 41 na wannan ƙwaya waɗanda aka nakasa har suka daina jure tiriri, suka shanya su makonni shida. Duk cikinsu babu wanda ya jure bushewa kamar lafiyayyar. Ashe ƙishirwa da tiriri ɓarna iri ɗaya suke yi: dukansu suna karya zaren gado, dukansu suna lalata furotin. Mai kilishi da mai shanya kuɓewa sun daɗe suna cin moriyar wannan ba tare da sun sa masa suna ba, domin raba abinci da ruwa shi ke hana ƙananan halittu sakat. Wadda ta iya jure rani, to ta iya jure tiriri ba tare da ta nema ba. A 2005 aka ƙara samun wata 'yar uwarta a cikin yashin Sahara, aka sa mata suna Deinococcus deserti. Duk shekara, daga Disamba zuwa Fabrairu, hunturu kan kwaso ƙurar wannan hamada, musamman daga kwarin Bodele na Chadi, ya lulluɓe Kumasi da ita, kuma ƙura ba ta tafiya ita kaɗai, tana ɗauke da ƙananan halittun da suka iya zaman bushewa.

Abin da aka auna mata ke nan: juriyar rani. Juriyar tiriri gyara ce, irin wadda mai awo a kasuwar Bantama ke ƙara wa mai saye bayan mudu ya cika. Wanda ya ga gyaran kaɗai ya ce domin ita aka zo kasuwa, ya karanta cinikin a baibai.

A nan ne mai wannan rubutu yake ganin zaure ya fi mumbari gaskiya. Da wani ya hau mumbari a 1960 ya ce an halicci wannan ƙwaya domin ta tsira daga yaƙin nukiliya, da jama'a sun yi kabbara, kuma da ya yi kuskure. Da wani ɗan boko ya ce ga shaida cewa halitta tana yin abin banza marar dalili, shi ma da ya yi kuskure, domin dalilin yana nan, ba a kai ga ganinsa ba ne sai shekara 40 bayan gano ƙwayar. Su biyun cuta ɗaya ke damunsu: gaggawar sa wa abu dalili, ko gaggawar hana shi. Mumini yana da damar ya ce akwai hikima. Ikirarin cewa ya karanta ta daga farko har ƙarshe, wannan kuma wani abu ne daban, kuma ilimin kimiyya kan tona asirin mai irin wannan ikirari cikin 'yan shekaru.

Kada kuma masana su ɗauka su sun rufe babin. A 2003 aka bayyana wata halitta, Thermococcus gammatolerans, daga maɓuɓɓugar ruwan zafi a ƙasan tekun da ke gefen Meziko, wadda ke jure Gray 30,000. Wannan a cikin ruwa take tun fil azal, rani bai san da ita ba. Bayanin bushewa bai ɗauke ta ba, sai an nemo wani.

Saura batun amfani, wanda shi ne ya fi jan hankalin masu kuɗi. A Hanford da ke jihar Washington, inda Amurka ta sarrafa sinadarin bama-bamanta na nukiliya, akwai manyan tankuna 177 na dagwalon guba a binne, wasunsu suna yoyo. Bakteriyar da aka sani da cin guba ba sa rayuwa a irin wannan wuri. Sai a shekarar 2000 ƙungiyar Daly ta dasa wa Deinococcus gadon wata bakteriyar, ta koma tana rage dafin sinadarin makuri a tsakiyar tiriri. Abin ya yi kyau a ɗakin gwaje-gwaje, kuma galibi a can ya tsaya. A Faransa an kafa kamfani sukutum a 2006 domin a sa ta yin man fetur daga tsirrai, daga baya ya koma neman magunguna, ƙarshe ya rufe. Abin da ya fi alamar ɗorewa shi ne manganis ɗin nan: a 2012 aka nuna cewa idan aka haɗa shi da ƙwayar cuta sannan aka gasa ta, gadonta kan mutu amma siffar jikinta ta waje ta tsira, wanda shi ne ainihin abin da mai haɗa allurar rigakafi yake nema. Masanan Japan kuma sun manna dunƙulenta a bayan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa daga 2015 zuwa 2018. Na saman suka mutu, gawarwakinsu suka zama inuwa ga na ciki, aka dawo da su da rai.

Ghana ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Nuwamban 1964 Kwame Nkrumah ya aza harsashin cibiyar nukiliya a Kwabenya, juyin mulkin 1966 ya dakatar da aikin, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa 'yar ƙaramar tukunyar bincike ƙirar Sin, irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta kunna a 2004. A Kwabenyan akwai wurin gasa kaya da kobal-60, inda ake hana doya tsiro, a tsabtace kayan yaji, a kashe ƙwayoyin cuta a kayan asibiti. Aikin da Anderson yake gwadawa ke nan ranar da namansa ya ɓaci.

Amma moriyar da ta fi kowacce girma daga wannan dangi ta zo ne ta ƙofar da ba wanda ya tsaya gadinta. Ɗaya daga cikin makusantan Deinococcus a jerin halittu ita ce Thermus aquaticus, wadda Thomas Brock ya samo a tafasasshen ruwan Yellowstone ya bayyana ta a 1969. Babu abin da yake nema face ya san ko rai na iya zama a irin wannan zafi. Shekara kusan 20 bayan haka aka gane cewa wani sinadarin jikinta, da yake zafi ba ya lalata shi, shi ne abin da gwajin PCR yake jira. Da korona ta shigo Ghana a Maris ɗin 2020 aka kulle Accra da Kumasi, cibiyar bincike ta KCCR da ke Jami'ar Kwame Nkrumah tana cikin wurare biyu na farko da ke iya gwajin PCR na cutar a ƙasar, kuma samfuran arewacin Ghana can ake kai su. Cikin kowace 'yar kwalbar gwajin akwai gadon waccan halitta ta ruwan zafi. Faɗuwa ta zo daidai da zama, in ji masu iya magana. Mai imani zai ce tanadi ne, kuma babu mai hana shi. Abin lura dai shi ne babu malami ko masani da ya iya faɗin wannan tanadi a 1969, kuma da an ce sai Brock ya faɗi amfanin bincikensa kafin a ba shi kuɗin mota, da bai je ba.

Wannan ya juyo da ayar hore wa ɗan Adam abin da ke ƙasa ta fuskanci masu karanta ta. Idan an yi komai domin mutane, to wane ne ya je ya duba? Arewacin Najeriya na da nasa abin mamakin, kuma ya fi bakteriya girma. Bahaushe ya san gaiwa, wadda ke shiga laka ta yi zaman rani tana cin jikinta har damina ta dawo. Amma gaiwa ba ta bushewa. A cikin kwarmin duwatsu, inda ruwan sama ke taruwa ya ƙafe cikin 'yan kwanaki, akwai jar tsutsar wani ɗan ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo. Idan kwarmin ya ƙafe, sai ta cika jikinta da wani irin sukari har kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin busasshen jikinta, ta bushe ƙayau, ta kanannaɗe cikin busasshiyar laka, ba numfashi, ba motsi. A ɗiga mata ruwa, sai a ga ta kumbura a hankali, ta miƙe, kafin awa guda ta fara wutsil-wutsil tana neman abinci. An taɓa farfaɗo da wadda ta shekara 17 a bushe. A wannan hali tana jure Gray 7,000, ita ma ba tare da ta taɓa haɗuwa da tiriri a kan dutsenta ba.

Wani Bature masanin ƙwari a Jami'ar Bristol, H. E. Hinton, shi ya bayyana ta a 1951, ya sa mata suna Polypedilum vanderplanki don girmama wanda ya aiko masa da ita. Yau gidan da aka fi kiwonta yana Tsukuba a Japan, inda Takashi Okuda da Takahiro Kikawada suka shafe shekaru a kanta. A 2014 aka karance zaren gadonta. Daga jikinta suka raini wasu ƙwayoyin halitta da suka kira Pv11, waɗanda ake busarwa a ajiye a kan kanta, kuma sun nuna cewa sinadari mai saurin lalacewa da aka sa a cikinsu yana nan da ƙarfinsa bayan fiye da shekara guda ba tare da firji ba. Duk ma'aikaciyar jinya da ta yi aiki a Kumasi a shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wutar lantarki, tana lissafin awa nawa allurar rigakafi za ta kai bayan an ɗauke wuta, ba ta buƙatar a yi mata bayanin darajar wannan. Duwatsun da tsutsar ke kwana a kansu kuwa suna nan a arewacin Najeriya, yara na kiwon awaki a gefensu, mata na shanya barkono a kansu da kaka.